Manyan Tayoyin Tirelar Baba Ribas

Tayoyin tirelar sun mutu, wannan ba mai musu. Rana ta gasa su, ruwa ya jiƙa su, gefensu ya tsattsage kamar kaushin dugadugi. Mai Firji ya lura da su ne ranar da ya je duba firjin gidan surukinsa. Ya tsuguna a rumfar mota, ya tura farce cikin wata tsaga, farcen ya shige duka. Da irinsu ya sayo sababbi ya ɗaura, da babu labarin da za a ba kowa.

Surukin nasa tsohon direban bas ne. Baba Ribas ake ce masa, domin a zamaninsa, in tasha ta cushe har direbobi suka fara zagin juna, shi ake kira ya ja mota da baya ya fitar da ita ta inda akuya ma sai ta karkata. Da ya ajiye aiki ya sayi ɗan ƙaramin jirgin ruwa mai inji a baya, da 'yar tirela mai taya biyu wadda jirgin ke kwanciya a kanta, da wata tsohuwar a-kori-kura mai jan su. Duk safiyar da jiki ya yarda sai ya ja su zuwa tafki. A can akwai gangaren siminti da ya nutsa cikin ruwa. Yakan yi ribas a kansa har tirela ta shiga, ruwa ya ɗaga jirgin, shi kuma ya tura shi da hannu ɗaya, ya ɗaure, ya fitar da mota, ya dawo ya shiga ya tafi fatsa. Shi kaɗai yake yin duk wannan. Kifin da yake kawowa ba ya isar miya, kuma ba kifi ke kai shi ba. Tun da matarsa ta rasu gidan ya cika da masu tambayarsa ko ya ci abinci, ko ya sha magani, ko zai ɗan kwanta. A kan ruwa ne kaɗai ba mai ba shi umarni.

Babban ɗansa, wanda kowa ke ce wa Akawu saboda aikinsa, bai taɓa son wannan fita ba. Sun ja magana har sun gaji, daga ƙarshe suka tsaya a kan sharaɗi ɗaya, a gaban 'yan gida duka.

"Ranar da kuka kasa sauke jirgin nan ku kaɗai, Baba, ranar zan karɓi makullin mota."

"Ba sai ka karɓa ba," in ji tsohon. "Ni zan miƙa maka."

Mai Firji yana wurin aka yi wannan magana, da kunnensa ya ji. A riƙe wannan, kada a nema masa uzuri daga baya.

Mutumin kirki ne ta fuskoki da yawa. Ba ya cin amanar masu kawo masa gyara, ba ya ɗaga wa matarsa murya. Ciwonsa ɗaya ne, yana jin shi ne ƙarami a gidan surukai. Akawu ne ya kai tsohon aikin ido. Tela, ƙanin matarsa, shi ke ɗinka wa tsohon kowace riga. Shi kuwa abin da aka san shi da shi, ya zo da 'yar jakarsa ya ɗura wa firji gas ya tafi. Tela kan ce masa Malam Sanyi, kuma ko da yake wasan ƙanin mata ne, sunan yana masa ƙaiƙayi. Ya daɗe yana neman abin da zai yi wanda ido zai hango daga nesa. Mai neman irin wannan ba ya tambaya kafin ya yi, yana ganin tambaya za ta rage wa kyautar ƙyalli.

Tsohon ya tafi duba ƙanwarsa da ba ta da lafiya, zai ɗan kwana biyu a can. Mai Firji ya karɓi makullin rumfa daga hannun Tela, ya ɗaure tirela a bayan motar aikinsa, jirgi na kai, ya ja ta zuwa wurin mai faci.

Mai faci ya sunkuya ya karanta gefen taya. "Lamba sha biyu ce. Ba ni da ita a nan, amma in ka ɗan ba ni lokaci zan samo maka."

Mai Firji ya waiga gefe. Idonsa na kan wasu tayoyi biyu da aka jingina da bango, baƙi wuluk, masu zane mai zurfi, a kan wili masu ƙyalli.

"Waɗancan fa?"

"Sha biyar ne. Na jif ne, mai su ya canja ra'ayi."

"Za su shiga?"

Mai faci ya bi ramukan noti da yatsa, can da nan. "Ramuka sun yi daidai. Sai dai za su goga madigadi, marfin nan da ke saman taya."

"A ɗaga madigadin."

"Wannan kuma aikin maƙwabcina ne."

Aka kira maƙwabcin, mai walda, ya zo yana goge hannu da tsumma. Ya leƙa ƙarƙashi, ya ce ko an ɗaga madigadi taya za ta riƙa taɓa jikin tirela in an faɗa rami, sai dai a kwance ƙarfen da ke riƙe da tayoyin daga saman sifirin a mai da shi ƙasansa. Mai Firji ya ce a yi. Maza uku suka wuni a kan tirelar nan, wannan da jak, wannan da sufana, wancan da wuta. Babu ɗayansu da ya taɓa sauke jirgi a ruwa, kuma babu wanda ya tambayi me ya sa mai ita ya bar ta gajera tsawon shekarun nan. Mai faci aikin da aka sa shi ya yi, mai walda ma haka. Laifin na wanda ya sa su ne. Da aka sauke jak tirela ta tsaya ƙerere, ta ƙaru da abin da ya kai tsawon tafin hannu. Tsofaffin wili kuwa Mai Firji ya bar wa mai faci, ya ce ya yi yadda ya ga dama da su.

Ranar da tsohon zai dawo, Mai Firji ya tabbatar yana gidan, ya kuma tabbatar matarsa da Akawu da Tela suna nan. Ya wanke tayoyin, har ɗan mai ya shafa musu.

Tsohon ya shiga rumfa ya tsaya. Ya zaga tirelar a hankali. Ya ɗora hannu a gefen jirgin, wanda a da yake zuwa masa ƙirji, yanzu ya kai masa haɓa. Hannun ya daɗe a wurin.

"Baba, kun ga aikin Malam Sanyi," in ji Tela. "Yanzu ko sama za ku je kamun kifi, tirela ta riga ta yi muku rabin hanya."

Aka yi dariya. Akawu ya ɗan harbi taya da takalmi, ya gyaɗa kai.

"Na ga tsofaffin sun tsattsage ne, Baba," in ji Mai Firji, kansa a ƙasa kamar yadda ya saba a gaban tsohon. "Na ce gara a sa masu ƙarfi."

Tsohon bai dube shi ba, 'yarsa ya duba. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata.

"Uwata, ki yi wa mijinki godiya. Allah ya yi albarka. Allah ya ba shi masu yi masa."

Tsakanin mutanen nan biyu haka magana ke tafiya tun ranar ɗaurin aure, ta kan mutum na uku, ko ta gefen fuska. Kowannensu yana ganin girman ɗayan, girman ya yi yawa har ya toshe hanya.

Daga nan fitar tsohon ta ragu. In ya fita kuma yakan dawo da riga jiƙe har ƙirji, ya ce feshin inji ne. Ya fara tari. Matar Mai Firji ta ambata wa mijinta, ya ce sanyin safiya ne, zai wuce. Abin da ke damunsa daban ne. Bai ji me mutanen bakin tafki suka ce game da tayoyin ba. Yabon gida ya ƙare, yana son na waje. Saboda haka wata safiyar hutu ya ɗauki Akawu da Tela a motarsa, ya ce su zo su ga yadda tirela ke cin hanyar tafki mai gargada. Da hannunsa ya kai alƙali wurin shari'a.

Sun tarar tsohon ya riga ya juya mota a saman gangare. Da ya hango su ya ɗan dakata, kamar mai shawarar fasawa. Wasu masunta na gyaran raga a gefe, suka ɗaga masa hannu. Ya sa ribas.

Ribas ɗin ba shi da aibi. Tirela ta sauka a miƙe kamar an ja ta da zare. A tsakiyar gangaren akwai gaɓar siminti, inda busasshen wuri ya ƙare, gansakuka ta fara. Daidai nan tayoyin bayan motar suka tsaya, a kan wata baƙar shaida da su da kansu suka yi shekara da shekaru. Tsohon ya ja birkin hannu ya fito, ya kwance igiya, ya tura jirgin. Jirgin bai motsa ba. Ya sa kafaɗa, nan ma shiru.

Mai Firji yana tsaye a gefe, inda ake ganin tirelar ta kwiɓi. Sana'arsa ta koya masa duban abu ko ya zauna daidai, kuma idonsa ya yi aikinsa ba da izininsa ba. A jikin ƙarfen tirelar akwai layin tsatsa da busasshiyar gansakuka, inda ruwa ya saba kaiwa. Yau ruwan yana ƙasa da layin nan da tsawon tafin hannu. Gindin jirgin kawai ke taɓa ruwa, sauran yana kwance a bushe. A nan ya gane. Gangaren a hankali yake sauka, kafin ruwa ya ci wannan tafin hannu sai mota ta ƙara ja da baya sosai, ta hau santsi. Ya buɗe baki. Akawu na tsaye kusa da shi, hannu a aljihu. Mai Firji ya rufe bakin.

Tsohon ya koma mota, ya ƙara ja da baya. Tayoyin baya suka hau gansakuka. Motar ta fara zamewa da kanta, a hankali, birki ya riƙe taya amma taya ba ta riƙe ƙasa ba, har salansar hayaƙi ta nutse tana tafasa. Sannan ta tsaya. Ya fito cikin ruwa zuwa cinya, ya bi gefen tirela yana dafawa, ruwa ya kai masa ciki, ya sa hannu biyu ya tura. Jirgin ya tafi lokaci ɗaya, shi kuma ya bi shi da fuska. Hularsa kaɗai ta rage a saman ruwa.

Masunta biyu suka riga kowa. Suka ɗago shi yana tari, suka zaunar da shi a busasshen siminti. Aka kamo jirgi, aka ɗaura igiya a motar Mai Firji aka jawo a-kori-kura daga santsi. Duk wannan hidima Mai Firji ne gaba-gaba, a ja nan, a saki can, domin mai laifi ba ya son hannunsa ya zauna.

Da numfashin tsohon ya daidaita sai ya ce a miƙo masa makulli. Aka ciro daga mota aka ba shi. Ya miƙa wa Akawu, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Hannuna ne ya mutu," ya ce. "Riƙe."

Ko sau ɗaya bai dubi tayoyin ba.

A dawowa Tela ne ya ja a-kori-kura, tsohon na gefensa. Akawu ya shiga motar Mai Firji. Suka kama hanya.

"Gara ma da ka sa manyan tayoyin nan," in ji Akawu. "In mun zo sayarwa, mai saye zai fi kallonta."

"Haka ne, Yaya," in ji Mai Firji.

Wannan "haka ne" ta fi canjin tayar muni. Canjin taya wauta ce. Wannan kuwa ya san abin da yake yi.

Abinci ya daina shigarsa. Ya koma wurin mai faci neman tsofaffin wili, aka ce 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun auna su tuntuni. Ya sa aka samo masa wasu lamba sha biyu da tayoyinsu, ya ɓoye a bayan motarsa, ya rufe da bargon da yake naɗe firji. Matarsa ta ɗauko bargon za ta wanke, ta gan su. Da ya shigo ya tarar tana guga.

"Tayoyin wa ne a motarka?"

Ya zauna a bakin gado ya faɗa mata. Bai rage ba, sai dai ya yi ta kewaye kafin ya isa ga maganar da ya yi wa yayanta a mota. Ta ci gaba da gugar rigar makarantar yaro har ta gama hannu ɗaya.

"To me za ka yi da su?"

"Zan karɓi makullin rumfa wurin Tela, in mai da ita yadda take. Ba sai kowa ya ji ba."

"Sai kuma me?"

"Sai ta koma daidai."

"Tirela ta koma daidai. Makullin mota fa? Yana aljihun Yaya, har ya fara kawo mutane suna dubawa. Taya ce za ta je ta yi masa bayani?" Ta ajiye dutsen guga a tsaye. "Ka ɗaura a ɓoye, za ka kwance a ɓoye. Baba kuwa a gaban mutane ya faɗi."

"Maman yara, yayanki zai raina ni har abada."

"Zai yi, na san shi. To?"



Da la'asar ya je gidan surukinsa. Tsohon na baranda a kan wata kujera mai jingina da Akawu ya kawo masa, an lulluɓe masa ƙafa da zane alhali babu sanyi. Akwatin fatsarsa na kan cinya, yana ware ƙugiyoyi, manya gefe, ƙanana gefe, zai raba wa masuntan da suka ciro shi. Mai Firji ya cire takalmi ya zauna a ƙasa, ta gefe. Gaisuwa ta yi tsawo. Ya tambayi tari, ya tambayi ƙafa, ya sake tambayar tari.

"Baba, tayoyin nan."

"Suna da kyau."

"Su ne suka hana jirgin tashi. Ba hannunku ba ne. Na ɗaga tirelar, ruwa ya daina kai mata."

Tsohon ya ɗauki wata ƙugiya ya duba bakinta, ya ajiye a gefen ƙanana.

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun da na dafa gefen jirgin a rumfa. Shekarun da na yi a bayan sitiyari ba a banza suka tafi ba. Na rage musu iska, bai isa ba. Na je wurin mai facinka neman tsofaffin, ya ce sun tafi. Na roƙe shi kada ya gaya maka na zo."

"Me ya sa ba ku faɗa mini ba?"

"In ce wa mijin 'yata kyautarsa ta yi mini yawa? A gaban ƙaninta mai bakin nan?" Ya yi ɗan tari. "Kai ba ka tambaya ba, ni ban faɗa ba. Mun yi kunnen doki."

"Ba mu yi ba, Baba. Ni ban faɗa ruwa ba."

Shi ma tsohon ba za a wanke shi duka ba. Kara abu ne mai kyau, amma karar da ke kai mutum ƙarƙashin ruwa ta wuce wurinta.

"Zan je in gaya wa Yaya."

"Kada ka je. Yaron nan ba ya mantuwa. Yana ƙarami wani ya fasa masa kwalbar tawada, har yau gaisuwarsu rabi ce. Ni na riga na miƙa, na gama. Kai kuwa zama za ka yi da shi har ƙarshen rayuwarka."

Ya faɗi haka, amma hannunsa ya tsaya cak a kan akwatin, bai ɗauki wata ƙugiya ba. Mai Firji ya dubi hannun, ya tashi ya sa takalmi.

Akawu yakan biya shagon Tela in ya tashi aiki. A can ya same su, fanka na kaɗa guntayen yadi a ƙasa, Tela na kan keke yana taka wuyan wata riga, Akawu na kan benci yana fifita da jarida. Aka nuna masa wurin zama, bai zauna ba. A tsaye ya yi maganar. Wannan karon bai yi kewaye ba. Ya faɗi yadda mai faci ya ce zai samo ƙananan ya ƙi jira, ya faɗi layin tsatsa, ya faɗi cewa ya gane tun tsohon bai ƙara ribas ba.

Tela ya ɗauke ƙafa daga keke.

"Wato kai ka jefa Baba a ruwa, sannan ka tsaya kana ba da umarnin yadda za a ciro motarsa. Malam Sanyi, in ka gaji da firji ka shiga siyasa."

Ba wanda ya yi dariya, har shi Telan.

"Ka gani a bakin ruwa, ka yi shiru," in ji Akawu.

"Na yi."

"Ka bar ni na karɓi makulli daga hannun mahaifina yana ɗigar ruwa, a gaban masunta, a kan abin da ba gazawarsa ba."

"Na bari."

Akawu ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da gefen riga. Kunya ba ta tsaya a kan wanda ya jawo ta kaɗai, tana fantsama, kuma shi ma ta same shi.

"Ban san ranar da zan yafe maka wannan ba," ya ce.

"Ba yafiya na zo nema ba, Yaya, makulli ne. Sharaɗin shi ne in ya kasa. Bai kasa ba."

"Na ga hular mahaifina tana yawo a kan ruwa. Ko taya ce ko hannu ne, na gani, kuma ba ya goguwa." Ya mai da tabarau. "Ka mai da tirelar yadda take. In ya sauke jirgin da kansa, makulli nasa ne. Amma ba zai sake shiga ruwa shi kaɗai ba."

"Wa zai bi shi?" in ji Tela. "Ni ruwan wanka ma da addu'a nake shiga."

"Wanda ya iya kyauta."

"Yaya, ban iya iyo ba," in ji Mai Firji.

"Ana sayar da rigar ruwa. Wannan karon ka tambayi lambarka kafin ka saya."

Aka sake jan tirela zuwa wurin mai faci, amma yanzu da mai ita da 'yarsa. Aka ba tsohon benci a inuwa. Mai walda ya mai da ƙarfen saman sifirin, ya yanke madigadin da ya ɗaga ya sauke shi, ɗinkin walda biyu suka fito a jere kamar tabo. Mai faci ya ɗaura ƙananan tayoyin. Bai tambayi dalili ba, ya dai tambaya ko a jingina manyan a inda suke da. Mai Firji ya ce a jingina. Da aka sauke jak tsohon ya tashi ya dafa gefen jirgin. Ya zo masa ƙirji.

A hanyar gida 'yarsa ta gaya masa sauran sharaɗin, domin mazan duka kowa ya noƙe.

"Da wa?" ya tambaya.

"Da baban yara."

"To," ya ce.

Safiyar gwaji Akawu ya tsaya can saman gangare, ya hana kowa matsowa. Tsohon ya yi ribas, ya tsaya a gaɓar siminti, ya fito, ya kwance igiya. Da hannu ɗaya ya tura, jirgin ya sulale ya zauna a kan ruwa. Ya ɗaure shi, ya fitar da mota, ya kashe, ya sa makulli a aljihunsa. Akawu bai miƙa hannu ba. Masuntan suka yi masa barka, ya amsa ba tare da ya tsaya ba. Ya sauko ya shiga jirginsa, ya ta da inji, sannan ya zauna yana jira.

Mai Firji ya sauko sanye da rigar ruwa mai launin ruwan lemo, ta matse shi har wuya. Ya ɗaga ƙafa ya shiga, jirgin ya tangaɗa, ya riƙe gefe biyu da ƙarfi.

"Zauna tsakiya, kana karkatar da mu."

Ya gyara. Jirgin ƙarami ne, in suka fuskanci juna gwiwoyinsu za su haɗu, saboda haka ya juya wa tsohon baya, ya fuskanci gaba. Suka ratsa ta gefen ciyayi har bakin gangare ya ɓace. Tsohon ya kashe inji, ya sa abinci a ƙugiya ya jefa. Ruwa ya kwanta.

Can sai Mai Firji ya ji wani sauti daga bayansa, ƙasa-ƙasa, kamar waƙa, ko kamar mutum na hira da wanda ya saba da shi. Sautin ya fara ɗan tashi, har an kusa rarrabe kalmomi. Sai ya yanke. Tsohon ya yi gyaran murya, ya tofa a ruwa. Bai sake ba.

Mai Firji ya ƙura wa hancin jirgin ido, bai motsa ba, numfashi ma a hankali yake yi, kamar hakan zai rage masa girman jiki har tsohon ya manta yana nan. Tun rana ba ta yi zafi ba tsohon ya naɗe igiyar fatsarsa, ya ce su koma.